Kwabon Gaétan Ya Fito Na Gaske

Gaétan Thibodeau na tsaye a layi a zauren cocin unguwarsu, ya dafe aljihu kamar mai ciwon zuciya. Kwabo ɗaya ne tal a ciki. Shekara goma sha tara yana cika wa 'yan ƙungiyar masu tara tsoffin kuɗi ta garin Trois-Rivières kunne da shi, wai bugun maƙeran dā ne, masu kwaikwayon kwabon sarkin Ingila da tarkacen tagulla su je su sha giya. Irinsa ake rububi. Yadda ya fi muni, haka ya fi daraja, ku ji fa. Matarsa ma ta ce ko zoben aurensu bai samu wannan gatan ba.

Yau ƙungiya ta ɗauko ƙwararriya daga Montréal, Madam Lachance. Ovila, abokin hamayyar Gaétan tun suna makaranta, ya kafa kujera da kofinsa na shayi.

"Tsoho, fito da murfin kwalbar naka mana," in ji Ovila.

"Yau bakinka zai mutu."

Madam ta karɓi kwabon, ta kanga madubin ƙara girma a ido.

"Dubi sarkin, Madam, hagu yake kallo maimakon dama," in ji Gaétan. "Maƙerin bai san ana juya zane a jikin hatimi ba. Babu rubutu ko ɗaya. Ga hanci kamar dankali."

Madam ta ce, "Baba, ai Sarki George na Biyu ne. Shi tun asali hagu yake kallo. Ga sauran haruffa nan a gefe, hannun mutane ne ya suɗe su."

"Wato me?"

"Na gaske ne, bugun gwamnati. Ina da irinsa cike da kwalba, uku dala biyar."

"Don Allah sake dubawa. Ko ɗan algus babu?"

"Babu. Lafiyarsa ƙalau."

Ovila ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya. "Wayyo cikina! Shekara goma sha tara kana mana yanga da kuɗin halal!"

Gaétan bai tsaya cin abincin ƙungiya ba. A cikin bas ya ƙura wa sarkin ido, sarki na can yana kallon hagunsa. Kafin a iso gidansa ya sauka, ya shiga shagon kayan ƙarfe.

"Akwai magagari? Mai ƙananan haƙora."

"Akwai," in ji mai shagon. "Me za a goge, Baba?"

"Wasu 'yan haruffa ne suka dame ni."