Tabaraun Malam

Ana kawo wuta Bintu ta ajiye tankaɗen garin tuwo, ta goge hannu a zani, ta shige ɗakin Malam. Kwamfutar nan batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take tashi, wutar Kazaure kuwa ba ta sallama in za ta tafi.

Malam Shafi'i, mijinta, malamin gona ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan babur tsakanin Roni da Gwiwa. Ya rasu da kaka, ita kuma tana cikin takaba. A kwamfutar akwai wata 'yar gajerar murya da ya ɗauka ranar da yake gwada sabuwar makirfo. Ba wani abin kirki ya faɗa ba, amma kullum bayan azahar sai ta kunna ta saurara, ta rufe. Wallahi ita ce take riƙe da ita.

Sai ga 'yan ta'aziyya. Kowa ya zo da filas ɗinsa na kwamfuta, a zuba masa hoton marigayi. Wa zai hana mai gaisuwa? Sabiru, ɗan ƙanin Malam, shi ya yi ta cusa su ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya ta buɗe, ta tarar kowace folda ta fito da wata 'yar kibiya a gindi, in ta danna ba abin da ke buɗewa. Sabiru ya ce bairos ne, a kai kasuwa a wanke ta tas.

"A wanke wa?" ta ce. "Ko ƙofar ɗakin nan ba za ta fita ba."

Yanzu ta jingina wayarta da kofi, ta kira autarta Zulaikha, mai karatun jinya a Kano, kiran bidiyo.

"Inna, juyo min da fuskar kwamfutar. Yauwa. Kin haɗa ta da datar wayarki?"

"Na haɗa. Ga wani nan ja wur ya faɗo, yana ta ƙiftawa, wai in danna ya cece ni."

"Kar ki taɓa shi! Wannan shi kansa ɓarawo ne. Na gaskiya ba ya ihu."

Bintu ta janye yatsa kamar ta taɓa murfin tukunya. Shekarunta tana koyarwa a firamare, Turancin ba ya gagararta, amma wannan Turancin na 'yan damfara ne. Suka bi a hankali. Akwai tsohon anti-bairos da Malam ya saka, wa'adinsa ya ƙare tun bara. Akwai wani da Sabiru ya bari. Akwai kuma wanda ya zo da kwamfutar, yana kwance a kashe.

"To mu kunna su duka mana, su taru a kansa."

Zulaikha ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. "Haba Inna, ai ba jiƙo ba ne. In kin haɗa biyu junansu za su kama da faɗa. Ɗaya za ki zaɓa."

Bintu ta daɗe tana kallon tsohon anti-bairos ɗin. Malam ne ya saka shi da hannunsa, har tana tuna shi yana mita da tsadar data. Cire shi ya yi mata nauyi, kamar ranar da aka kwashe takalmansa daga bakin ƙofa.

"Ba ya aiki, Inna," in ji Zulaikha a hankali. "Bai san sababbin cututtuka ba."

Ta cire shi. Ta cire na Sabiru ba tare da ta ji komai ba. Ta kunna na ukun, ta bar shi ya sabunta kansa, sannan ta danna cikakken bincike. Wani koren layi ya kama tafiya, tafiyar hawainiya. Aka kira la'asar, ta yi salla a gefen tebur, tana sallamewa ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitila. Yana nan. Ta roƙi Allah abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙa ba, kada a ɗauke wuta.

Da layin ya kai ƙarshe, sai ya jero abin da ya kamo, ya tambaya a goge ko a killace.

"A killace," ta ce tun kafin Zulaikha ta yi magana. "Na gaji da abin da ba ya dawowa."

Ta danna. Foldoji masu kibiya suka ɓace gaba ɗaya, allo ya zama wayam.

"Innalillahi! Zulaikha, ya cinye shi!"

"Tsaya, Inna, tsaya. Waɗancan na bogi ne. Na gaskiyar ɓoye su ya yi. Je sama, inda aka ce a nuna ɓoyayyu."

Sai da ta kuskure sau biyu. Sai ga su sun fito, dishi-dishi, amma su ne. Ta nemo muryar da Malam ya sa wa suna Gwaji, ta danna.

Aka ji ƙarar kujera, aka ji ya hura makirfo.

"Gwaji, gwaji. To, ko tana ɗauka? Bintu! Bintu, kin ga tabarauna?"

Daga nan shiru ne, sai kukan akuya daga nesa. Ranar tana madafa, ba ta ji kiran ba, shi kuma ya jira, ya jira, ya kashe. Kullum a wannan shirun take rufewa.

Yau ba ta rufe ba. Ta matso da kujera kusa da tebur.

"Yana kan goshinka, Malam," ta ce.

A cikin waya Zulaikha ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Bintu ta sake kunna muryar daga farko, tun wuta tana nan.