Gwiwar Baba

Dokar gidanmu guda ce: ba a ɗora kwano a kan tebur sai Baba ya zauna. Ko yunwa za ta kashe mu, haka za mu yi ta leƙen ƙofa har ya shigo da garin katako a gemu, ya ja kujerarsa ta kusa da taga. Kafinta ne, kuma shekara talatin bai taɓa cin abincin rana a shago ba. Mu yara mulkin mallaka muke kiran abin, a ɓoye.

Sati biyu da rasuwarsa Yaya ya iso. Shi ne babbanmu, manaja a wani kamfani, rabonsa da gidan shekara huɗu. Amma ranar ya fi kowa sanin Baba, har da share ido da hankici mai ƙamshin turare.

"Yanzu ni ne uba a gidan nan," ya ce. "Za a sayar da gida, Mama ta koma wajena. Akwai ɗaki a bayan gareji."

Ni kuwa raina ya ɓaci, don na san in aka raba ta da gidan nan an gama da ita.

Yaya ya ja kujerar Baba ya hakimce, ya miƙe ƙafafu, ya ce mini a kawo abinci. Ina ɗora kwanon miya sai tebur ya sunkuya wajensa kamar mai gaisuwa. Miya ta gangaro ta wanke masa farar riga tun daga ciki har gwiwa.

"Wane irin tebur ne wannan? A gidan kafinta!"

Mama ta yaye zanen da ke rufe da teburin. Ashe ƙafar da ke gefen Baba guntuwa ce, ba ta taɓa ƙasa. Na shafa ƙarƙashin katakon, na ji wani wuri ya yi sumul, daidai girman gwiwa.

"Kai ka karya ta, kana aji biyu, ka hau kana tsalle," in ji Mama. "Na ce Babanku ya gyara, aikin minti goma. Ya ce in ya gyara, wata rana za mu ci abinci ba tare da shi ba, daga nan kuma kowa ya saba."

Yaya yana goge riga ya ce, "Ai da kwali aka cusa a ƙasa, an huta."

"Na sani, kai kwali za ka cusa. Tashi daga kujerar nan. Gidana kuma ba na sayarwa ba ne."

Ya tashi. Na zauna, na tokare teburin da gwiwa, Mama ta kawo sauran abincin. Ban ci rabin kwano ba ƙafata ta sage, hawaye ya zubo mini. Shekara talatin, mutumin nan ko fuska bai taɓa yamutsawa ba, mu muna gefe muna ƙunƙuni.