Robar Birkin Baya

…wai jijiya. Jijiya! Wace jijiya ce ke kuka kamar an taka wutsiyar kare? Ɗanjuma na tsugune a rumfarsa ta gyaran keke a bakin kasuwar Yelwa, keken ƙanensa Audu na kife a gabansa, ƙafafu sama, ga sufana a hannu, amma hannun ya ƙi aiki. Ƙarar nan ce har yanzu. Ƙiiiii… Tun jiya take cikin kunnensa. Ta bi shi masallaci, ta bi shi gida, ta zauna tare da shi a gaban tuwo.

Birki ne. Kowa ya san birki ne. Masu sayar da rake sun ji, 'yan makarantar da aka jera bakin titi sun ji, malamin wasannin da aka aiko daga Sakkwato ma ya ji, don sai da ya cire usur daga bakinsa ya dubi yaron. Mutum ɗaya za a ɗauka daga ƙasar Yawuri ya je tseren keke na jiha. Ɗaya tak. An ja layi da toka a kan kwalta, an sallami 'yan tsere hanyar Ngaski su je su dawo, kuma da aka dawo su biyu ne a gaba, wa da ƙane. Ga layi can, ana ganinsa. Ga ƙafar keken Audu ta fito ta gefen dama, ta zo daidai feda, ta zo daidai hannu, ta kusa—sai ƙiiiii. Sai Ɗanjuma ya tsinci kansa a ƙetaren toka shi kaɗai, ana tafi.

Tafi! Irin tafin da ake yi wa tsoho in ya hau jaki ba a taimaka masa ba.

Ya ɗora sufana a kan noti. Gobe motar Sakkwato za ta tashi, sunansa aka rubuta, nasa keken kuwa sarƙa ta saki, dole ya ciro ta Audu ya ɗaura. To ciro mana. Me kake jira? Noti ne, ba haƙori ba…

Kai Audu, me na yi maka? Faɗa mini. Wa ya haɗa maka keken nan? Gangar jikinsa daga bola na tsinto ta bayan tasha, ƙafar gaba daga Kwantagora, giya daga hannun wani direba da ya sha mini rai kafin ya sayar. Wa ke tashin ka bayan sallar asuba, kana gunaguni, a ɗauki hanyar Ngaski ciki ba komai sai kunu? Wa ya hana ka shan ruwa da yawa a kan hanya, wa ya koya maka ka kurkure baki ka zubar? Wa ya ɗaure maka ƙafa a feda da tsohon tif don ka riƙa ja sama, ba dannawa ƙasa kawai ba? Ni. Ni ne mahaukacin. Mutanen gari na cewa Ɗanjuma ya bar sana'a yana wasan yara, Zulaihatu na cewa maigida, keke dai, keke dai, ko a mafarki ƙafarka juyawa take yi—ban kula ba. Na ce akwai abin da nake ginawa.

Dabara ɗaya ce, kuma ya nanata ta har bakinsa ya gaji. Iskar da ke tasowa daga tafki ita ce ke kashe mai tsere a hanyar nan, ba nisa ba. Na gaba shi ke shan ta a ƙirji, na baya yana hutawa. Saboda haka ka laɓe a bayana, ƙafarka ta gaba dab da tawa ta baya, kada ka bar ratar da kaza za ta ratsa. Ni zan fasa maka iskar har ƙarfina ya ƙare. In mun wuce tsamiyar bakin kwalbati, ka fito. Ka fito ka tafi, kada ka waiwaya. Ya faɗa a rumfar nan, ya faɗa a kan hanya, ya faɗa jiya da safe yana duba masa iskar taya da babban yatsa. Yaron ya ce to. To, Yaya. Kullum to, Yaya…

To ɗin banza.

—sai ya tuna suna yara: jirgin Baba na gaba, ruwa ya yi faɗi har ba a ganin ƙetare. Shekarun da tafki ya cinye tsohon gari ke nan, aka kwaso su aka zuba a sababbin gidaje masu zafi. Suna saukowa gaɓa da kwandon tarwaɗa, Audu ɗan mitsitsi, ƙafa ba takalmi, ya ruga ya shiga gaba don ya riga kowa kai wa Inna labari. Inna na bakin murhun banda, hayaƙi a idonta. Ba ta ko ɗaga murya ba. "Koma baya. Wa yac ce ma ka shiga gaban wanka?" Yaron ya koma. Ya koma har inda ya faro gudun, ya tsaya, sai da Ɗanjuma ya wuce sannan ya biyo. Shi kuwa a lokacin daɗi ya ji. Har da ɗaga kafaɗa.

Amma wannan ai gaɓar ruwa ce! Wannan gida ne, akushi ne, ƙofar zaure ce. Can ka bar ni in fara sa hannu a tuwo, ka bar ni in fara jefa birgin kamun kifi, ban hana ka ba, ladabi ne. Kwalta ba ta san wa ba, ba ta san ƙane ba. Layin toka bai tambayi wa aka fara haifa ba. Kana tsammani 'yan Gusau da 'yan Argungu za su ce a dakata, Ɗanjuma babba ne? Ƙato da kai, gemu ya fara fito maka, Inna ta yi shekaru a ƙasa, amma har yau kana komawa inda ka faro gudu…

Wani ya tsaya da keke a bakin rumfa, yana son faci. Ɗanjuma ya girgiza kai ba tare da ya ɗago ba. "Barka da nasara," in ji mutumin, ya tura kekensa ya wuce. Ka ji ko? Ka ji yadda ya ja kalmar? Ko bai ja ba? Yanzu haka zai zauna, duk wanda ya gaishe shi sai ya auna gaisuwar. Abin da ka yi mini ke nan, Audu. Da ka wuce ni, da yau ni ne wanda ya horar da zakara, in zauna in miƙe ƙafa a kawo mini shayi. Da wani bare ne ya wuce mu duka, da na ce Allah bai nufa ba. Amma ka ɗauki abin da na yi ta gina maka, ka miƙo mini a gaban jama'a kamar mai ba da sadaka ranar Juma'a. Na roƙe ka? Ka taɓa ganin na miƙa hannu?

Kuma ko tsayawa bai yi ba a yi ta ta ƙare. Ya sauka daga keke yana ɗingishin ƙarya, da ƙafar hagu, can kuma ya manta ya koma na dama. "Jijiya ta, Yaya, ita tar riƙe ni." Ido a ƙasa. Ya jingine keken a rumfa, yau da sassafe aka ce an gan shi ya shiga jirgin kawu, sun yi Wara kamun kifi, ba ranar dawowa. Ya gudu. Nan ya iya gudu! A kan ruwa ba wanda ya ce masa ya taka birki.

Zai je ya kamo shi. Ya hau keke yanzu-yanzu, ya bi hanyar Ngaski, ya tsaya a gaɓa ya yi ta kira har… har me? Tafkin nan ana kiran mutum a cikinsa? Ko ya je masaukin malamin wasanni ya ce a goge sunana a sa na ƙanena. Malamin zai ce ina ƙanen? Zai ce mu abin da muka gani a layi shi muka rubuta. In kuma ya ƙi zuwa, Yawuri ba ta da kowa ke nan, a ce masunta ne, ruwa kawai suka sani. In ya je…

In ya je, ai zai iya. Me ya sa ba zai iya ba? Shekaru sun ja, gaskiya ne, gwiwar dama na magana in an yi sanyi. Amma ƙafar tana nan. Duk atisayen da suka yi bana, in sun juyo gida suka buɗe wuta daga tsamiya zuwa bakin kasuwa, wa ke riga isowa? Shi. Kullum shi. Yaron na zuwa dab, ya ji numfashinsa a kafaɗa, amma bai taɓa wucewa ba. Shi ya sa ma yake masa faɗa: ƙarfinka na ƙarewa a ƙarshe, ƙara cin abinci, rage hira da dare. Har yana faɗa wa Zulaihatu yana dariya, tsohon nan dai bai mutu ba, yaron zamani ya bi ni ya gaji. Jiya ce kawai. Jiya ce kawai yaron ya samu ƙafa, ya kuma ɓata ta.

Sarƙa ta fita. Ya ajiye ta a kan tsumma. Bari ya ɗauki robar birki ma, tasa ta gaba ta soma taurin kai. Ya juya ƙafar baya, ya kai hannu—

Babu roba. Ƙarfe ne tsirara, ya yi ƙyalli, har ya zana layi a jikin wili. To, ai ya sani. Shi ya ƙi canzawa. Ranar kasuwar da ta wuce yaron ya turo keken, "Yaya, robar baya ta cinye," shi kuma ya hau shi da faɗa a gaban masu jiran faci: kai wane irin mahayi ne? Roba nawa zan sa maka? Hanyar da ba wani gangaren kirki, kana kwana a kan birki kamar mai ɗauke da ƙwai! Ba zan sa ba, ka je haka, in ka ji ƙarfe na kuka ka koyi sakin hannu. Yaron ya ja kekensa. To, Yaya.

Roba nawa zan sa maka…

Nawa ya sa?

Gwangwanin na nan ƙarƙashin benci, inda yake jefa tsofaffin robobi, don ba ya zubar da komai. Ya jawo shi. Ya kife a ƙasa. Ga su nan, baƙaƙe, sun cinye har gindi. Na masu kawo gyara daban suke, manya, na kekunan dako. Waɗannan sirara na keken tsere ne, kuma keken tsere biyu ne a rumfar nan. Nasa bai canza ta baya ba tun bara. Ya tsince su ɗaya-ɗaya yana tarawa a tafin hannu, tafin ya cika, suna zubowa ta tsakanin yatsu. Duk na baya. Birkin baya, wanda ba ya girgiza keke, wanda na gaba ba zai ji ba in roba na da kauri. A matsa a hankali, a saki. A matsa, a saki. Daga tsamiya zuwa bakin kasuwa…

Kullum?

A'a. A'a, ba kullum ba. Ranar da aka yi yayyafi fa, da ya ba shi rata mai yawa? Ranar da suka dawo daga Birnin Yawuri, har ya juya yana masa gwalo? Wannan ai ƙafarsa ce. Ƙafarsa ce… ko? Wace safiya ce tasa? A nuna masa guda ɗaya. Guda ɗaya da zai ɗauka ya sa a aljihu ya tafi da ita Sakkwato. Numfashin nan da yake ji a kafaɗa, yana cewa yaro ya gaji—ashe jira yake yi. Yana tafe a bayansa, hannu a kan birki, yana lallaɓa shi kamar mai rakiyar makaho, shi kuma a gaba sai fasa iska yake yi yana jin kansa. Tun yaushe? Tun damina? Tun bara? Tun gaɓar ruwa?

Munafuki. Ɗan… ɗan Inna. Allah ya isa—a'a. Bai iya ƙarasawa ba.

Da ya sa masa roba ranar nan, da jiya ba wanda ya ji komai. Da an yi tafi na gaske. Da yanzu yana nan yana busa fito da baki, yana shafa wa sarƙa giris, yana cewa Allah sarki Audu, ya yi ƙoƙari, baɗi sai a ƙara horo. Da shi ne mutumin da ya fi kowa farin ciki a Yelwa.

Kasuwa ta cika, ana sauke kwandunan kifi daga mota, wani na ta buga ƙararrawar keke a bayansa yana son a kula shi. Ɗanjuma bai juya ba. Hannunsa ya riga ya shiga akwati da kansa, don hannu ya saba, ya ɗauko sabuwar roba, mai kauri, mai laushi. Keken yaro ba zai zauna ba birki ba, in ya dawo ya hau ya faɗa wa mota fa? Dole a sa. Ya kai ta bakin ƙarfen, ya daidaita, noti na tsakanin yatsunsa.

In ya ɗaure ta, shi ke nan, ba zai ƙara ji ba.

Yana nan tsugune. Bai ɗaure ba… bai kuma ajiye ba.