Zumar Akawal

Umara mai kula da doki ya tsoma yatsa biyu cikin kwalbar zuma, ya lashe, ya ƙara. Akawal, dokin Alhaji Harun, na kallonsa daga turke yana kaɗa jela.

Zumar dai ta dokin ce. Alhaji, dillalin shanu a Gamboru, shi ya yi sautunta daga Gwoza, ya ce a riƙa gauraya wa dokin a dusa kowace safiya har ranar wasan folo. Ranar da ya kawo ta kuwa ya tarar Umara bai daɗe da tashi daga ciwon shawara ba, ko bokitin ruwa ya ɗauka sai haki.

“Baba Umara,” Alhaji ya ce a lokacin, “in ka kasa a filin wasa, zan nemo mai jini a jika. Ba faɗa.”

To, mutum mai shekara sittin da iyali a Mafoni, wa zai ɗauke shi aiki? Tun ran nan doki ke cin dusa da kanwa zalla, Umara na shan zuma. Matarsa Kellu ta ce, “Malam, ranar da asirinka ya tonu, ba ruwana.” Shi dai ya ga ƙafafunsa sun daina rawa.

Yau ce ranar wasa. Da la'asar sakaliya fili ya cika, motoci ƙirar Fijo sun jeru a bakin shinge. Umara ya ɗaura sirdi, ya ja majayi. In dokin ya sare, za a tambayi ina zuma ta tafi. In shi ya sare, shi ke nan.

Babu wanda ya sare. Akawal ya yi ta keta fili kamar an sa masa wuta, Alhaji ya jefa ƙwallo biyu. Duk hutu Umara na nan a guje da ruwa da tsumma, wallahi ko tsayawa bai yi ba.

Da aka tashi Alhaji ya biyo su barga, yana dariya yana shafa wuyan dokin.

“Ka ga aikin zuma ko? Kai ma yau ka yi ƙoƙari, zancen canji ya wuce.”

“Na gode, Alhaji.”

“Amma abu mai amfani haka ba a bar shi a barga. Kawo kwalbar. Daga gobe ni zan riƙa ba shi da hannuna.”

Umara ya ɗauko ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya sa a mota ya tafi.

Ɗan ɗigo ya rage a gefen babban yatsan Umara. Ya kai baki ke nan, Akawal ya miƙo wuya. Umara ya dubi dokin, ya dubi yatsan, sai ya miƙa masa.