Murjanatu da Gugan Kusugu

Tun da Murjanatu ta shigo ajina daga wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum, ba na jin muryarta sai lokacin kiran suna. Ranar farko ta tambayi yadda ake kunna kwamfuta, aji ya kwashe da dariya, aka laƙaba mata "Ta-Ƙauye". Daga nan ta ja bakinta ta tsuke.

Saura mako biyu a yi hutu ta same ni a ofis.

"Malama, in an yi hutu ba zan dawo ba. Na ce wa Gwaggo ta mai da ni gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don yarinyar tana da kai. Na yi lallashi har na gaji, ita dai kanta a ƙasa.

Ni ke kula da kulob ɗin tarihi, kuma a wannan makon muka shirya zuwa rijiyar Kusugu. Abin kunya, yaran da aka haifa a Daura rabinsu ba su taɓa leƙa ta ba. Wani dattijo da muka tarar a wurin ya ba su labarin macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa, sannan ya miƙo guga, ya ce wanda ya zo ai sai ya ɗiba ya sha.

Kabiru, shugaban aji kuma sarkin surutu, ya karɓa yana hura hanci. Ya zura, guga ya zauna bisa ruwa abinsa, ya jawo shi wayam. Firdausi ta gwada, ta ce igiya na cin hannu. Ni kuwa da na tashi gidan famfo, sai na ɓoye hannuwana cikin hijabi.

"Ba haka ake yi ba."

Muka waiwaya. Murjanatu ce.

"Matso, jikata," in ji dattijon.

Ta tuɓe takalmi, ta yi bisimilla, ta saki igiya a hankali. Da guga ya taɓa ruwa sai ta ɗan fizgi igiyar gefe, ya kifa baki ya nitse. Ta jawo hannu bi hannu, tana naɗe igiyar a damtse don kada ta sha ƙasa. Guga ya fito taf. Duk muka sha, har da ni.

Kabiru ya sosa ƙeya. "Murjanatu, don Allah koya mini."

Ranar na fara jin sunanta a bakinsa. Ta jera su layi tana yi musu faɗa kamar tsohuwa: "Kai, ba da ƙarfi ba! Bari sai ka ji nauyinsa a hannunka." Ashe yarinyar nan akwai baki.

A hanyar komawa ta matso kusa da ni.

"Malama, zango mai zuwa ina za a kai su?"

"Ban yanke ba tukuna."

"A kai su garinmu lokacin sussuka. Waɗannan ko gero da maiwa ba su iya rabewa."

"Ni ma ban iya ba. Wa zai nuna mana?"

Muka ci gaba da tafiya har muka kai ƙofar makaranta. Sannan ta ce, "Bari in gaya wa Gwaggo kada ta ɗaure mini kaya duka."