Rabon Marigayi Osbert

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni dai mai karatu ce, ban taɓa rubuta labari ba sai yau. Na so in bar wannan a raina, ya ƙi zama. In kun ga inda ya karkace, daga gare ni ne, mutanen da ke ciki ba su da laifi.

Jonelle ba ta so zuwa ba, amma mahaifiyarta ta ce ba za a bar tsoho ya hau motar haya shi kaɗai har arewacin tsibiri ba. Tsohon shi ne kakanta Osbert Noel, wanda ya dawo tsibirin Grenada kwanan nan bayan shekara talatin da ɗoriya a Toronto ta ƙasar Kanada. Abu guda ya dawo da shi: yana so ya ga ko yayansa Dunstan zai karɓe shi.

A kan tukunya suka rabu. Mahaifinsu ya bar musu gonar rake da rumfar dafa ram, barasar da ake yi da ruwan rake. Osbert ya ce a ƙara tukunya a riƙa dafa wata barasar mai suna jin, da gyaɗar ƙamshi da ɓawon lemon gonar. Dunstan ya ce babansu ram ya dafa, ram za a dafa, jin kuwa abin shan tsofaffin matan Ingila ne. Magana ta yi tsami har aka taɓo abin da bai kamata a taɓo ba, Osbert ya hau jirgi. Tun daga nan ko gaisuwa babu, mahaifiyar Jonelle ma ba ta sake taka gonar ba.

A mota ya shirya mata yadda za a yi. "Za mu saje da 'yan yawon buɗe ido. In na ga fuskarsa a sake, zan taɓa ki, ke kuma ki ce, 'Kaka Dunstan, ga ƙaninka.' In na gan ta a murtuke, mu sha ruwa mu koma."

"Ni zan faɗa? A gaban mutane?"

"To, wa? Ba ke ce mai karatu ba?"

Jonelle, wadda ko sunanta aka kira a aji sai gumi ya keto mata, ta yi ta maimaita maganar a zuci har suka sauka.

Warin ruwan rake mai tsami ya tarye su tun daga titi. A ƙofar gonar matar Dunstan, Tanti Merle, ke sayar da tikiti. Ta dubi tsohon da baƙin tabarau ya rufe masa rabin fuska, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙa masa canji. Suka bi ayarin baƙin da suka sauko daga jirgin ruwa, rana ta mai da su jajur.

Dunstan da kansa ke zagayawa da baƙi, dogo ne, da sanda da murya kamar ta mai wa'azi. Ya nuna musu babbar tayar da ruwan rafi ke juyawa tana matse rake, da kwatamin da ruwan ke kwana yana kumfa, da tukunyar jan ƙarfe da ake hura wa wuta da busasshiyar tuƙar rake. Osbert yana biye yana gunaguni a kunnen jikarsa. "Ji ƙarar tayar nan. Ba ya sa mata mai. Tun yana yaro marowaci ne."

Sai suka shiga wani ɗan ɗaki a gefe. Wata ƙaramar tukunya ce a ciki, tana sheƙi, ɗakin ya cika da ƙamshin ɓawon lemo da gyaɗar ƙamshi. Osbert ya tsaya cak.

"Wannan kuma jin ne," in ji Dunstan, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. "Dabarar ƙanina ce, marigayi Osbert. Ina shan shayi da safe na ji a sanarwar mutuwa ta rediyo: Osbert Noel ya rasu a Toronto. Shayin nan ban ƙarasa shi ba."

Jonelle ta buɗe baki. Kakanta ya taka mata ƙafa. "Tsaya tukuna," ya raɗa mata. "Bari mu ji."

Suka kuwa ji. Dunstan ya ce a duk tsibirin ba a yi mai hancin ƙaninsa ba, daga bakin titi yake shinshinawa ya ce wutar tukunya ta yi yawa. Ya ce mutum ne mai sanyin hali, ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Ya ɗaga kwalba, ga hoton Osbert a jikinta yana saurayi, suma ta yi tsiri kamar kwando. Wata baƙuwa ta share hawaye. Osbert ma ya sa yatsa a ƙarƙashin tabarau, yana gyaɗa kai a kowace magana kamar shi ma ya san mamacin.

Har ya sauya murya ya tambaya, "Malam, kyakkyawa ne?"

"Daidai gwargwado," in ji Dunstan.

Jonelle ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. "Kaka, yanzu?"

"Tukuna."

Ɗanɗano a gindin mangwaro ake yi. A al'adarsu ba wanda zai buɗe sabuwar kwalba ya kai baki bai fara ba ƙasa ba, don haka Dunstan ya cika murfin kwalbar ya tuntsurar a gindin bishiyar. "Na Baba." Ya sake cikawa. "Na Mama." Ya zuba wa tsohon da ya hura musu wuta har ya mutu. Ya cika murfi taf ya ce, "Na Saja," ya bayyana wa baƙi cewa Saja alfadarin da ke jawo amalanken rake ne, bai taɓa yin kwana ɗaya yana hutu ba. Daga nan ya cika murfi na ƙarshe, ya ɗan karkata shi a hankali kamar mai ɗiga maganin ido. Ɗigo ya faɗi, wani ya biyo shi. "Na Osbert." Ya miƙar da murfin.

Baƙuwar da ta yi kuka ta tambayi dalilin da nasa ya zama kaɗan.

"Ba shi da kan sha, baiwar Allah. Murfi ɗaya sai ya hau waƙa, ga muryar ba daɗi. Ba na so ya je can ya ba mu kunya a gaban Mama."

"Alfadari murfi guda, ni ɗigo biyu?"

Osbert ne, da ainihin muryarsa, tabarau a hannu. Kowa ya waiwayo. Dunstan ya dube shi daga tsakiyar kai, inda ko gashi ɗaya bai rage ba, har zuwa takalmi. Murfin yana hannunsa, bai zube ba.

"Merle," ya ce, bai juya ba. "Kina ganin abin da nake gani?"

Tanti Merle ta iso da farantin ƙananan kofuna. "Ina gani tun a ƙofa. Kuɗin shiga ma na karɓa."

"Ba ki yi mamaki ba."

"Mamakin me? Wancan na rediyo wani Osbert Noel ne, mai gyaran famfo. Tun a shekarar na haɗu da 'yar wannan a kasuwa tana sayen kayan yaji za ta aika masa."

"Kika yi shiru?"

"Kafin rediyon nan, Dunstan, daga shayin safe har abincin dare zaginsa kake yi, ni ce mai saurare. Bayan rediyo ka zama mutum. Ka koma coci, ka sayi tukunya, ka daina fasa mini kofuna. Ni ce zan ɓata?"

Dunstan ya juya kan ƙaninsa. "Na yi maka kuka. Na sa baƙar kwat a tsakiyar zafi. Na yanka akuya, garin nan kaf suka ci."

"Ni dai ko ƙashi ban gani ba."

"Kun ji shi ko? Bai canza ba." Dunstan ya juya masa baya. "Ƙanina da ke ƙasa mutumin kirki ne, muna zaman lafiya da shi. Wannan ban san shi ba. Merle, mai da masa kuɗin shigarsa."

Baƙin da suka ɗauka wasa ne aka shirya musu suka sauke wayoyinsu. Jonelle ta ga kafaɗun kakanta sun zube. Sai ta ji ya taɓa ta a gwiwar hannu. Ba lokacin da suka shirya ba ne, fuskar ma ba a ganinta balle a ce a sake take. Ta dubi ƙeyar dogon tsohon.

"Kaka Dunstan," ta ce, da wata siririyar murya da ita ma ba ta san ta ba, "ga ƙaninka."

Dunstan ya waiwayo kaɗan. "Wannan fa ta wa ce?"

"Jikarka ce," in ji Tanti Merle. "Kuma hannunka zai gaji. Me za ka yi da murfin nan? In ka zuba a ƙasa ka kira wa mai rai mutuwa. Kwalba kuma ba zai koma ba, ka riga ka kira suna a kansa."

Dunstan ya dubi murfin. Ya nemi wata mafita, babu. Ya miƙa hannu a kaikaice, ido na kan mangwaro. "Ungo. Naka ne. Amma ban da waƙa."

Osbert ya sosa ƙeya. "Yaya, ai na daina. Likita ya hana, cocin da na shiga a can ma sun hana."

"Ka bar gidan ubanka a kan jin, ka dawo ba ka sha?"

"Shinshinawa dai ina yi."

Dunstan ya yi wani dogon tsaki. "Sunkuyo."

Osbert ya sunkuya. Yayan ya juye masa murfin a tsakiyar kai, ya sa tafin hannu yana murzawa, yadda ake yi wa yaro in zazzaɓi ya kama shi. Ya murza har ya bushe, amma hannun bai bar kan ba.

"Merle, ƙara kwano biyu a tebur," ya ce.

Osbert, yana sunkuye, ya ja hanci. "Gyaɗar ƙamshin ta yi yawa."

"Ta yi yawa? Haka ka ce a sa."

"Yaushe na ce? Tsunkule na ce, kai ka zuba da mudu."

Suka ɗora daga nan, Tanti Merle na raba kofuna ta tsakaninsu kamar ba ta ji. Baƙin suka yi layi da kwalabe suna so marigayin ya sa musu hannu a kan hotonsa, baƙuwar nan kuma tana ta waige tana tambayar ina yarinyar da ta yi magana, tana so a ɗauke su tare. Jonelle ta ja da baya, ta raɓa ta bayan tarin tuƙar rake, ta gangara rafi kafin wani ya lura.