Gansakukar Malam Mele

Malam Mele ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati a Lafiya. Da ya yi ritaya ya tare a gidansa na Azuba, sai ya rasa wanda zai riƙa ba umarni. Matarsa Hajiya Rabi'a ba ta karɓa, kajin gidan ma haka. Shi ya sa ya ƙulla gaba da gansakukar da ke fitowa a katangar bayan banɗaki. Duk damina sai ta rufe bulo tun daga ƙasa har gwiwar mutum, shi kuwa duk Asabar sai ya ɗauko tsohon cokalin gini ya kankare ta. Kafin sati ya zagayo ta dawo.

Wata Asabar, kafin ruwa ya zauna, ya tsuguna zai kankare busasshiyar da ta rage tun bara, sai ya ji an ce, “Baba, don Allah tsaya.”

Member ce, malamar makaranta 'yar Assakio da ke haya a ɗakin ƙofar gida. Ilimin halittu take koyarwa a wata sakandare.

“Kwana uku ina yawo a keke ina neman wannan abu,” in ji ta. “Yarana za su yi jarrabawa da shi. Ashe yana nan cikin gidanmu.”

“Wannan dattin? Ai ta mutu tun rani.”

Member ta ɗauko buta ta yayyafa wa wurin ruwa, ta ce ya ɗan jira. Malam Mele ya naɗe hannu yana jira, don ya nuna mata ta yi kuskure. Kafin Hajiya ta gama tankaɗen garin da take yi a tsakar gida, ɓawon nan mai launin ƙasa ya kumbura, ya buɗe, ya zama kore shar.

“Wane magani kika zuba?”

“Ruwan rijiyarka ne, Baba. Ba mutuwa ta yi ba, jira take.”

Ta miƙa masa gilashin ƙara girma. Ya kai ido, ya daɗe bai ɗago ba. Abin da ya shekara huɗu yana kira datti, ashe ɗan ƙaramin daji ne, kowane tsiro da 'yan ganyensa a jere. Member ta ce masa ba ta da saiwa, wasu zare-zare ne kawai take kama bulo da su. Ba ta kuma da jijiyoyin da ke kai ruwa sama kamar na mangwaro, da duk jikinta take sha, shi ya sa ba ta tsawo.

“Fure fa?”

“Babu fure, babu iri. In an yi ruwa, ƙwayar namijin sai ta yi iyo a cikin danshin har ta kai wurin macen. Daga nan wani siririn kara ya fito da ɗan ƙoƙo a kai, cike da gari. Iska ta kwashe garin, inda ya sami laima ya tsiro.”

Hajiya Rabi'a, da aka ɗauka ba ta saurare, ta ce, “To shi dai ya yi iyo. Wani kuwa lokacin da yake neman aurena, yayyafi aka yi ya fasa zuwa, ya aiko ƙanensa.”

Malam Mele ya ce ba yayyafi ba ne, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Member ta yanki abin da take bukata ta gudu ɗaki tana dariya. Gilashin kuwa ba a mayar mata ba.

Daga ranar cokalin gini ya huta. In ruwa ya yi jinkiri, Malam Mele ne da buta yana shayar da katanga. Ya hana kaji zuwa wurin. Da siraran karan nan suka fito, ya riƙa ƙirga su safe da yamma kamar mai duba ma'aikata. Hajiya ta ce attaruhunta na nan kusa da rijiya yana yaushi, bai taɓa ba shi ko kofi ɗaya ba. Ya ce attaruhu yana da saiwa, ya nemi na kansa.

Ana haka 'yarsu Na'ima ta haihu, aka ce a gidan za a yi suna. Hajiya ta ce dangin miji ba za su tarar da katanga kamar bakin rafi ba. Ranar da Malam Mele ya tafi tantance 'yan fansho a cikin gari, ta kira Ushahemba mai fenti. Da ya dawo bayan azahar, ya tarar da katanga fara tas daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan tabarma, aka ajiye masa sakwara, ya ce ya ƙoshi. Hajiya ta bar shi ya yi fushinsa har la'asar, sannan ta ce, “Malam, zo ka duba mini tankin ruwa, kamar yana yoyo.”

Ya tashi da kyar. A bayan tankin, inda baƙo ba zai gani ba, bulo uku na nan ba a taɓa su ba, kore shar, da karansu a tsaye.

“Ushahemba ya ce zan ɓata masa aiki,” in ji ta. “Na ce masa wannan gonar maigida ce.”

Malam Mele ya tsuguna ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce dama wannan gefen ya fi inuwa. Sannan ya tambaya ko sakwarar tana nan.

Ranar suna, ana tsakiyar rabon abinci, aka nemi mahaifin mijin Na'ima, Alhaji Salihu, babban manomin doya, aka rasa. Hajiya ta leƙa bayan tanki ta tarar da dattawan biyu a tsugune, sun tattare babbar riga a cinya.

“Ana ci ne?” Alhaji Salihu yake tambaya.

“Ba a ci.”

“Magani ce?”

“A'a.”

“To me ake yi da ita?”

Malam Mele ya ɗan yi tunani, ya ce, “Kallo.” Ya miƙa masa gilashin.

Sau biyu Hajiya ta aika a kira su. A na uku ta sa aka kai musu abincin can.